Mu Muka Riga Turawa

Wai a Amurka ma'aikata na ta ƙorafi don an ce su bar aiki daga gida su koma ofis. Da sun zo Dutse da sun koyi dabara.

Tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, ma'aikata da dama suka bar iyali a Kano, suka ɗauki Dutse kamar gonar nesa. Litinin da hantsi ka gan su sun wuce Wudil, sun karya ta Kwanar Huguma. Alhamis da azahar kuwa kujera ce kawai ke tsaron fayil. Ka tambayi masinja, ya ce: "Yallaɓai ya ɗan zaga." Zagayen nan sai Litinin.

Da korona ta zo a 2020 aka ce kowa ya yi aiki daga gida, wani abokina har ya yi mamaki, ya ce da daga ina ake yi? Nasa aikin gidan dai a gonar riɗi ya yi shi, kuma ya yi kyau.

Tsadar mai ce ta 2023 ta ɗaure shi a Dutse. Yanzu kullum yana sakatariya, yana jiran a kawo wuta.