Motar Bazazzagi Ta Kama Makyarkyata

Bazazzagi bawana, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Labari ya riga ka isowa Kano. An ce Land Cruiser ɗin nan taka, 'yar 80 da ka saya hannu na uku, ta taka wani ɗan rami bayan Tashar Yari, sitiyari ya ƙwace yana kaɗawa hagu da dama, kai kuma ka dinga kwarara salati har direbobin tirela suna amsa maka. Yanzu kana bin majalisa kana cewa jifa ce. Haba Malam! Wa zai ɓata layarsa a kan mota ƙirar 1994?

Kai ka jefi kanka. Ka sa an ɗaga ta inci 3, ka ɗora mata manyan tayoyi masu kaushi, don kawai idan ka tsaya a Ƙofar Doka ka riƙa leƙo jama'a daga sama. Mutumin da iyakar dajinsa gonar surukinsa.

Fara rarrabe rawar tukuna, don iri biyu ce. Akwai kyarmar da ke zuwa idan ka kai wani gudu, ka ƙara wuta ta lafa. Wannan ta taya ce: ko balansin ya tafi, ko rim ya lanƙwashe, ko laka ta bushe a cikinsa. Taka ba ita ba ce. Taka sai mota ta taka rami ko gargada tana gudu take tashi, kuma ba ta kwanciya sai ka rage gudun sosai. Wannan cutar motocin da ƙarfe guda ya haɗa tayoyin gabansu ce, irin taka da tsohuwar Nissan Patrol da Jeep Wrangler ta Amurka. Duk abin da ya bugi taya ɗaya, 'yar'uwarta ta ji. In akwai sako-sako a wani wuri, sai su yi ta miƙa wa juna bugun.

Na ji har ka aika Panteka a Kaduna an sayo maka sabuwar shokazobar sitiyari, wai ma kana tunanin sa guda biyu. Hankalin Zazzau ke nan. Shokazobar nan aikinta shanye bugu ne, ba ta ɗaure abin da ya kwance. Za ta rufa maka asiri na ɗan lokaci, ƙarfen da ya ci yana ci gaba da ci, ran da ta gaji rawar ta dawo da ƙarfinta.

Ga binciken da ba ya cin ko sisi, wanda na san shi zai fi burge ka. Ka ajiye motar a wuri mai shafe, tayoyi a ƙasa. Ka sa yaro a kujerar direba ya riƙa murɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, hagu, dama, ba tsayawa. Kai kuma ka tuɓe babbar rigar nan, ka shimfiɗa kwali, ka kwanta da tocila. Kwanciya a ƙasa ai ba baƙon abu ba ne ga bawa. Abin da za ka fara zuba wa ido shi ne sandar da ta gitta daga shasi zuwa aksul, wadda ke hana aksul ɗin zamewa gefe. Ita ce babbar wadda ake zargi. Duba bakinta biyu: in bushin ya tsage, ko noti ya saki, ko ramin kusar ya faɗaɗa ya zama kamar ƙwai, za ka ga ƙarfe ya motsa kafin taya ta motsa. Motsin da bai kai kaurin farce ba ya isa. Daga nan ka bi kawunan tayarod ɗaya bayan ɗaya, ka ɗora hannu a kai, domin yatsa na jin ƙwas ɗin da ido bai gani ba. Ka leƙa kusoshin da suka riƙe akwatin sitiyari, da shasin da ke kewaye da su, don wurin yakan tsage a irin motarka.

Sai ka sa jak ka ɗaga taya. Kama ta sama da ƙasa ka jijjiga. In ta yi wasa, ko boris ɗin taya ne ko na kimfin. Ka sa yaron ya taka birki ka sake jijjigawa: in wasan ya ɓace, na taya ne, in yana nan, kimfin ne, sai a buɗe.

In duk wannan ya fito lafiya, to mun zo kan laifin ɗagawarka. Dubi cokalin gaban keke, ai a kishingiɗe yake, shi ya sa keke ke miƙewa da kansa ko ka saki hannu. Tayar gaban mota ma a kan irin wannan kishingiɗa take juyawa, kuma Toyota ta ba 'yar 80 kamar digiri 3. Da ka sa dogayen sifirin, hannuwan da ke riƙe da aksul suka sunkuya, suka mirgina shi gaba, kishingiɗar ta kusa ƙarewa. Taya ta rasa abin da zai komo da ita tsakiya, ga ta kuma ta ƙara nauyi. Maganinsa bushin ko faranti na gyaran kasta, wato kishingiɗar nan, da sandar gicciye mai zare wadda ake daidaita tsawonta, saboda ɗagawar ta ja aksul ɗin gefe guda. Ka je wurin masu alaimen na kwamfuta su nuna maka lambar, kada ka yarda da mai auna da igiya. Kuma a ɗaure notikan bushin bayan an sauke motar kan tayoyinta, ba tana rataye a jak ba, in ba haka ba robar za ta murɗe ta mutu da wuri.

Kafin nan, in ta sake kama ka a hanya, kada ka danna birki da ƙarfi. Ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari ba tare da kokawa ba, ka gangara gefe a hankali. Yaranka kuwa a bar su gida sai an gyara, su ba su yi laifin komai ba, ba su suka zaɓi ubansu ba.

In kayan sun gagara a Zariya, kuma za su gagara, ka shigo motar haya ka same ni a Ƙofar Ruwa. Ka taho da kuɗin sharar bara da ka gudu da su, da na bana, da kuɗin wannan karatu.