Bazazzagi Ya Sayi Garmaho Mai Dungu

Jama'a, ku taya ni jaje. Bawan nan nawa na Zazzau, wanda aikin gwamnati ya ajiye a Gwarimpa ta Abuja, ya je gwanjon kayan wani Bature mai shirin komawa gida, ya kinkimo garmaho. Sai da ya shimfiɗa masa ƙyalle a falo, ya tara maƙwabta, ya ɗora faifai, sannan ya lura abin ba shi da hannu. Faranti na ta juyawa, babu abin da zai sauka a kansa. Mu Kanawa ko akuya za mu saya sai mun ƙirga ƙafafunta.

To Malam, kwantar da hankalinka, ba a cuce ka ba, ko da yake ba wayonka ne ya cece ka ba. Abin da ka ɗauko Garrard 401 ne, ƙirar garin Swindon na Ingila, wanda ya fito a 1965 ya gaji wansa 301. Haka kamfanin ya riƙa sayar da su tun asali: inji da faranti kawai, mai saye ya nemi katakon da zai zaunar da shi da hannun da ya yi masa. Gidajen rediyo sun more su ƙwarai. Da a hannun Bakano ya faɗo, da tuni ya zama jari.

Yanzu ka ishe ni da waya, wai ka karanta a intanet hannu mai inci 12 shi ne na manya, mai inci 9 na yara. Na san a rina. Mutumin da ya tashi a gindin jami'a, wanda ko ruwan sha zai roƙa sai ya yi gabatarwa, ina zai so gajeren abu? Akwai gaskiya kaɗan a maganar, zan ba ka ita don kada ka ce na danne. A masana'anta, wuƙar da ke yanka zanen faifai miƙewa take yi sak daga baki zuwa tsakiya. Hannun garmaho kuwa a kafe yake ta gindi, bakinsa lanƙwasa yake yi a tafiyarsa, don haka a wuri biyu kacal allura ke zama daidai da zanen, sauran wuraren ta ɗan karkace. Dogon hannu yana rage karkacewar. Amma ragin ɗan kaɗan ne, ƙarin inci ukun nan nauyi ne, kuma sai ka yi masa katako mai faɗin da zai cinye rabin falon da kake kukan kuɗin hayarsa.

Abin da ya kamata ka tambaya, ba ka tambaya ba. Hannu ba ya waƙa. Aikinsa ya riƙe kan da allura ke jiki, ya bi shi a hankali ba tare da ya sa masa baki ba. Ita allurar a bakin wani siririn tsinke take, gindin tsinken kuma yana zaune cikin 'yar roba. A wani kan robar da taushi, a wani da tauri. In ka haɗa nauyin hannu da taushin robar, akwai wata karkarwa da suke yi tare, masana kuma suna so ta tsaya tsakanin sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa. Ka ɗora kai mai taushi a hannu mai nauyi, karkarwar ta yi ƙasa da haka, ko uwargida ce ta wuce da tire sai allura ta yi tsalle. Ka ɗora mai tauri a hannu marar nauyi, ta hauro ta shiga cikin amon ganga ta dagula shi. Denon DL-103 na Japan, da aka yi wa gidajen rediyo tun 1962, mai tauri ne, hannu mai nauyi yake so. Shure V15 na Amurka mai taushi ne, sai marar nauyi, kuma kamfanin ya daina yin kawunan allura tun 2018, kada wani ya ce maka sabo ne fil daga can. Kai za ka fara zaɓa, sannan hannu. Na san a wurinku wannan tsari baƙo ne, baki ke fara tafiya, kai ya biyo baya.

Sai mu zo kan fayafayan naka, waɗanda kake kira gadon gida. Na gan su. Akwai na Shata da na Ɗan Maraya Jos masu gudu 33, da ƙanana masu gudu 45, da wasu baƙaƙe masu nauyi na kakanka masu gudu 78. Tun kafin Shata ya rasu a 1999 waɗannan fayafayan suka gama shan wuya. Na zamanin kaka an yi ta nuƙe su da garmahon wani, mai allurar ƙarfe da ake canjawa bayan kowane gefe, wadda ke danna faifai da nauyin da ya haura giram 100. Na baya kuma, da allura ta fara tsalle, sai a ɗora mata kwabo a ka. A gidanku na ji har sule ake ƙarawa, wai don muryar ta fito da ilimi. Faifan da aka yi wa haka ba ya bukatar allura mai tsinin da zai tono kowane tabo. Mai zagayayyen baki ta fi rufa masa asiri. Masu gudu 78 kuwa zanensu ya fi faɗi nesa ba kusa ba, allurarsu daban ce, bakinta ya ninka na sauran wajen sau huɗu. Ka sa musu siririya, ta nutse can ƙasan zane, ba abin da za ka ji sai shuu.

Saboda haka hannun da ya dace da kai shi ne mai inci 9, matsakaicin nauyi, wanda ake kwance bakinsa a sauya. Ka ajiye baki biyu, ɗaya na 33 da 45, ɗaya na kaka. Audio-Technica suna da kai mai suna VM95 wanda ake zare allurarsa a sa wata, har da ta 78, kuma kuɗinsa bai kai a kira taron dangi ba. In son asali ya motsa maka, abokin zaman Garrard tun fil azal shi ne SME 3009, wanda aka fara yi a Ingila a 1959. Gindinsa yana zamewa gaba da baya, abin da zai cece ka in kafintanka ya huda katako a karkace. Na Rega ba haka yake ba, milimita 222 yake so daga tsakiyar faranti zuwa gindinsa, kuskure kaɗan sai sabon katako. In tsohon SME za ka saya, duba wutsiyarsa. Robar da ke riƙe ƙarfen nauyi tana mutuwa da shekaru, sai ka ga wutsiya ta langaɓe. Ka daidaita shi ya tsaya a iska, ka hura masa baki. In ya tafi sumul, lafiya. In ya cije a hanya, mayar wa mai shi. Hura iska dai ba sai an koya wa Bazazzagi ba.

Kullum kana cika min baki wai Abuja taku ce, tunda Abu Ja ya kafa ta a 1828 bayan an koro gidansu daga Zariya. Ban musa ba. Amma waccan yau Suleja take, tana jihar Neja. Wadda kake kwana a ciki Bakano ne, Janar Murtala, ya kafa dokarta a 1976. A gidan ubangidanka kake haya, sai ka saurari halin garin. Ƙurar hunturu tana shiga zanen faifai, allura ta riƙa niƙa ta. Ka riƙa sharewa da burushi mai laushi kafin kowane ɗorawa, kuma kada sinadari mai barasa ya taɓa na kaka, narkar da su yake yi. Zafin watan Maris yana lanƙwasa faifai, a tsaye ake jera su, nesa da taga, kada ka bar su a mota ka shiga kasuwar Wuse ciniki. Injin Garrard kuma bugun wutar lantarki yake bi. Ka yi sa'a tamu da ta Ingila duk 50 ce, da na Amurka ka saya mai 60, da Shata ya riƙa jan murya kamar bai karya ba. Amma in aka ɗauke wuta ka tayar da ƙaramin janaretan nan naka mai tari, gudun faranti zai riƙa hawa da sauka, kuma babu hannun da zai gyara wannan ko na zinare ne.

Saura abu biyu ƙanana. Nemi ɗan sikeli ka auna nauyin da allura ke sauka da shi, wajen giram 2 ga ta 33 da 45 irin wadda na faɗa maka, ta 78 kuwa ta fi haka, kada ka auna da ido. Siririyar wayar nan kuma da ke fitowa daga gindin hannu, wadda ka ce ta yi yawa za ka yanke, ita ke hana gurnani a lasifika. Ɗaure ta a jikin amfilifaya.

Wannan duk kyauta na ba ka, abin da Bakano bai saba ba. Ka sayi mai inci 9, rarar kuɗin dogon ka haɗa da kuɗin sharata na bara da na bana ka aiko. In kuma abin ya fi ƙarfinka, naɗe shi cikin bargo ka kai tashar Zuba, ka ce a sauke a Kano, za mu kunna maka ta waya ka ji.