Mu da Ruwa da Masu Zuwa Jaje

A unguwarmu, idan hadari ya haɗo daga gabas a watan Agusta, majalisar da ke gindin darbejiyar mai shayi ba ta watsewa da wuri. Kowa na jiran wanda zai dawo daga bakin jinga ya faɗa mana inda ruwa ya kai. Mu mutanen gaɓar kogin Haɗeja ne, da ruwa muka tashi. Mun san idan Tiga da Challawa suka tumbatsa a can Kano, wurinmu ruwan zai gangaro, ya tarar kachala ta toshe masa hanya, sai ya nemi wata. Wata hanyar kuwa ita ce gonakinmu na shinkafa da ɗakunanmu na ƙasa.

Abin da muke yi a irin wannan dare ina alfahari da shi. Ba mai jiran a kira shi. Masu shaguna su fito da tsofaffin buhuna, samari su ɗauki shebur, mai amalanke ya kawo yashi bai nemi ko sisi ba, mata su dama kunu a aiko da shi cikin bokiti. Na ga dattijon da ya haura saba'in yana riƙe wa jikansa bakin buhu, tocila a hammata, ruwa har gwiwa. Haka muke kwana, liman na addu'a, mu muna jera buhu.

Sai ruwa ya janye, sannan baƙi su zo. Jerin gwanon motoci, jiniya, babbar riga da takalmin roba sabo fil, masu ɗaukar hoto a gaba. Mu kuwa mu share ƙofar gidan mai unguwa, mu shimfiɗa tabarmi, mu tura yara su sayo ruwan leda mai sanyi da kuɗin da muka haɗa. A yi jawabi, a ce an ji zafin abin da ya same mu, a ce za a kafa kwamiti. Mu ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma.

Ranar nan tela ne ya tayar da zancen, yana kurɓar shayi. Ya dubi tsohon malamin firamarenmu ya ce, "Malam, Goggo ta bayan masallaci sau nawa ke nan ana rubuta sunanta?"

Malam ya ce, "Sau uku, a damina uku."

Duk mun san Goggo. Mijinta ya rasu, ɗakinta ya zube, tana kwana a zauren ƙaninta da marayu huɗu. An rubuta sunanta, an ɗauki hotonta tsaye a kan kangon, ta dangwala yatsa a takarda. Abin da ya iso hannunta shi ne gidan sauro da bokitin roba da kwano biyu na shinkafa, daga buhun da aka raba wa gida shida. Bandir ɗin kwanon rufi da aka ce an kawo, mun ga motarsa ta shigo gari, ba mu ga inda aka sauke ba. Da na je gaishe ta, cewa ta yi, "Ɗan nan, ai an gode, wani bai samu ko wannan ba."

Wannan godiyar ta Goggo ita ta hana ni barci. Tarbiyyarmu ce. An koya mana cewa wanda ya tako ya zo maka jaje ba a titsiye shi, ba a ƙirga abin da ya kawo a gabansa, ana yi masa kara. Hali ne mai kyau, kuma ba na so mu rabu da shi. Amma an yi shi ne don maƙwabci da ɗan'uwa, wanda ya ciro daga aljihunsa. Mai jiniya ba daga aljihunsa ya ciro ba. Kuɗin baitulmali ne, an ware shi da sunan Goggo da ire-irenta, shi ɗan aike ne kawai. Mu kuwa muna yi wa ɗan aike irin kunyar da ake yi wa suruki.

Malam mutum ne mai riƙe lissafi, rediyonsa ba ya rabuwa da kunnensa. Ya tuna mana cewa tun 1981 ƙasar nan take da asusun kula da muhalli, wanda ake cire masa kaso daga kuɗin tarayya saboda ambaliya da zaizayar ƙasa da hamada. Bayan ambaliyar 2012 gwamnatin Jonathan ta sanar da naira biliyan 17.6. A 2022 ruwa ya kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasa, ya raba fiye da miliyan 1 da muhallinsu, kuma Jigawa na cikin inda abin ya fi muni. A 2024 aka ce an amince a ba kowace jiha naira biliyan 3. Ya ce, "To a cikinku wa ya taɓa ganin takardar da ta nuna yadda aka kashe ko miliyan ɗaya?"

Shiru. Sai ƙarar cokali a kofi.

Ya ci gaba da labarin Joshua Dariye, tsohon gwamnan Filato, wanda kotu ta ɗaure a 2018 saboda karkatar da sama da naira biliyan 1 na wannan asusun. A lokacin da aka yanke masa hukunci sanata ne, wato bayan ya sauka daga kujerar gwamna ma an sake zaɓarsa. A 2022 aka yi masa afuwa. Ya kawo kuma Maiduguri, inda madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya shiga kasuwa da asibitin koyarwa da fadar Shehu, ya rushe katangar gidan yari. Shekara 30 kafin nan, a 1994, madatsar nan ta taɓa yi wa garin irin wannan ɓarna. Sai da mai afkuwa ta afku aka amince da naira biliyan 80 don sake gina ta.

Direban da ke jigilar Kano ya ajiye kofinsa ya ce, "Ni shi ya sa na daina zaɓe, Malam. Fuskokin nan su ne dai. Wanda ya zo mana jaje yana kansila, shi ya dawo yana ciyaman, ya dawo yana ɗan majalisar jiha, yanzu daga Abuja yake aiko da wakili. Jam'iyya uku ya canza, jingarmu tana nan yadda take."

Ban ga laifinsa ba a fushin, amma ban yarda da shi ba a maganin. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kusan kashi 27 cikin 100 na masu rajista ne kawai suka fita. Sauran sun zauna a gida, kuma ba wanda ya rasa kujerarsa saboda zamansu. Wanda siyasa ce sana'arsa ya fi son layi gajere, don ya fi sauƙin saye.

Mu ma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Muna zuba shara a lambatu, muna gini a kan hanyar ruwa. Abin da ya fi ciwo shi ne ranar zaɓe tana zuwa da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, zuciya ta huce. A kawo taliya da sabulu da turmin atamfa, mu karɓa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba na zagin uwar marayun da ta karɓi taliya, yunwa ba ta da kara. Da mu nake, masu sana'a da albashi, da muke karɓa don kawai kada a ce an bar mu a baya.

A daren nan muka tsayar da magana ɗaya. Mai shayi ya ba da kuɗin littafi mai bango mai kauri, Malam zai riƙe. Duk wanda ya zo ya yi alkawari za a rubuta sunansa da ranar da abin da ya faɗa. Duk kayan da aka sauke za a ƙirga a gaban mai unguwa da liman a rubuta. Malam ya ce akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi a nuna masa yadda aka kashe kuɗi, kuma shi zai rubuta wasiƙar farko, mu sa hannu.

Ku ma na sauran unguwanni ku sayi naku littafin kafin daminar baɗi. Idan mai neman ƙuri'a ya zo, ku shimfiɗa masa tabarma, ku ba shi ruwa ya sha, sannan ku buɗe shafinsa ku karanta masa a gaban jama'a.