Jirgi Bai Zo Ba

Daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne, na Buza da na Keita kuwa sai sun gangaro daga duwatsun Adar kafin su kama hanya. Mutum ya sha wannan tafiya, ya isa filin jirgin sama na Diori Hamani da ƙura har cikin kunne, sai a ce masa jirgi bai zo ba. Nan ne halin kowa yake fitowa fili.

Wanda ya fi kowa kwanciyar hankali shi ne Alhaji Ƙaddara. Bai kai ga zama Alhaji ba tukuna, maniyyaci ne daga wani ƙauyen Buza, amma tun ranar da ya sayar da bijimai biyu ya biya kujera aka fara kiransa haka. Fasfonsa yana hannun kamfanin da ya yi masa rajista, ranar tashi tana hannun hukumar aikin hajji ta COHO, sauran kuma yana hannun Allah. Aka ce sai gobe, ya ce wani jinkirin alheri ne. Aka ce sai jibi, ya ce alherin ya ƙaru. Da aka miƙa masa takardar karɓar abinci sai ya mayar, wai shi bai zo bara ba. Wani yaro ya ce, "Baba, ai hakkinka ne." Ya dube shi ya ce, "Ɗana, mai tahiya ɗakin Allah ba ya bin bashi a hanya." Ya jiƙa garinsa da ruwan buta ya sha. Ina girmama haƙurin wannan dattijo, sai dai na lura masu jirgi sun fi ni girmama shi.

Kusa da shi Hajiya Mai Guzuri ta shimfiɗa tabarmar kaba, saƙar Madawa. Ita ba ta taɓa yarda da lokacin da aka rubuta a takarda ba, ko na mota ko na jirgi, don haka ta taho da kilishi, da cuku, da dambun zogale, wai tsarabar ɗiyarta da ke aure a Abijan. Kafin azahar tsaraba ta zama haja. Kafin la'asar an fara cin bashi. In aka yi sanarwar ƙarin jinkiri kowa ya yi tsaki, ita ma takan taya su, hannunta yana ƙulla canji a bakin zane. A duk zauren ita kaɗai ta karɓi diyyarta, kuma daga aljihun 'yan'uwanta fasinjoji.

Sai Sarkin Lissafi, falken albasa. Motarsa ta ɗauki buhuna daga Galmi ta yi gaba tun mako guda, shi kuma ya ce bari ya bi ta sama ya tare ta. Yanzu albasa ta riga shi isa, tana zaune cikin raɓar bakin teku, shi yana zaune a Yamai. Ya lissafa buhun da zai ruɓe, da faɗuwar farashi, da abin da dillali zai ci a bayan idonsa, ya haɗa da hawan jininsa, ya kai wa yarinyar da ke kan teburin kamfani jimilla. Abin mamaki, maganarsa tana da tushe. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ɗora wa mai jirgi alhakin asarar da jinkiri ya jawo wa fasinja, har zuwa wani iyaka. Amma sai ka nuna asarar a rubuce. Shi kuwa shekara da shekaru yana juya miliyoyi da baki da musafaha, bai taɓa riƙe rasit ba. Da aka tambaye shi shaida sai ya nuna Alhaji Ƙaddara. Alhaji ya ce shi abin da ya shaida kawai, arziki na Allah ne.

Mushe Doka tsohon malamin lakkol ne daga Keita. Tun zamanin da Italiyawa suka zo da aikin raya ƙasa na Keita a 1984 yake cuɗanya da Turawa, kuma bai gafarta wa kowa rashin sanin haka ba. Ya hau kan akwatinsa ya karanta wa jama'a dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004: jirgi ya kai ka da jinkirin awa 3 ko fiye, a biya ka Yuro 250, ko 400, ko 600, gwargwadon nisan tafiya. Ya juya Yuro 600 zuwa sefa, ta ba da jika 393 da 'yan kai. Zauren ya yi tsit. Har Hajiya ta tsayar da ciniki. Abin da Mushe bai kai ga karantawa ba shi ne, dokar nan tana bin jirgin da ya taso daga Turai ne, ko jirgin kamfanin Turai mai shiga Turai. Shi kuwa Duwala za shi, wurin ɗansa, a jirgin Afirka. Dokar da ta fi kusa da shi tana nan a gida: a 2003 ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe 8 masu kashe sefa ta kafa ƙa'ida kan fasinjan da aka hana hawa, ko aka soke tashinsa, ko aka yi masa dogon jinkiri, kuma akwai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ANAC da zai iya kai wa ƙara. Mushe ya ce wannan ba ta da lamba mai daɗin faɗi.

Na Manya ba ya jayayya. Yakan koma gefe, ya ɗaga waya, ya ce "Ranka ya daɗe" da ƙarfin da za a ji. Wani lokacin a sa shi a jirgin gaba. Wani lokacin wayar a kashe take.

Ɗan Bidiyo kuma ya mamaye wurin cajin waya guda ɗaya da ke aiki. Ya kai ƙara WhatsApp, ya kai TikTok, ya aika saƙon murya na minti tara ga 'yan garinsu da ke Libiya. Duk duniya ta ji, ban da kamfanin.

Wanda nake tausayi shi ne Mai Bankwana. An yi masa addu'a a masallacin Juma'a, an yafe juna, mata sun yi kuka, har wanda yake bin sa bashi ya rako shi tasha. Da aka ce an ɗage tashi da mako guda kowa ya je ya huta, sai ƙafarsa ta yi sanyi. Ya koma Buza ya ce me? Sai ya lafe a gidan wani ɗan garinsu a Yamai kamar kazar da ta ga shaho, ya hana yara faɗa. In an kira daga gida ya amsa ƙasa-ƙasa, ya ce layin ƙasar waje ne ba ya da kyau. Ranar da ladanin unguwa ya kwaɗa kiran salla yana tsakiyar waya, sai ya ce ai nan ma akwai Musulmi. Ba Montreal, ba Turai, ba UEMOA, babu wanda ya yanka wa kunya farashi.

Akwai dai wata yarinya, ɗaliba daga Madawa, da ta taso daga Paris ta kwana a hanya ba da son ranta ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta adana takardar shiga jirgi da rasit ɗin abincin da ta saya, ta nemi a rubuta mata dalilin jinkirin, don ta san in hazo ne ko rufe sararin samaniya, irin na watan Agustan 2023, kamfani ya kuɓuta. Aka ce inji ne ya samu matsala. Ta rubuta wasiƙa, aka yi shiru, ta sake rubutawa. Bayan watanni kuɗi suka shigo.

A gida babu wanda ya yarda wasiƙa ce ta yi wannan aiki. Wasu suka ce tana da hanya, wata gwaggonta ta ce rubutun da ta sha kafin ta tafi ne. Sai ga kawunta ya iso da hujja: shi ya sayi tikitin, da kuɗin albasarsa, saboda haka diyya tasa ce.

"Kawu, doka ta ce wanda ya yi jiran ake biya."

"Ɗiyata, ni ma na yi jira. Har dare ina tasha."

Maganar tana gaban mai gari. Ya ce a dawo bayan kasuwa.