Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Takardar Fili

Ranki ya daɗe, uwar hatimi, mai kwana cikin leda a ƙasan adaka,

Ba sai an tambayi lafiyarki ba, don a bayyane take. Ruwan daren jiya ya kwantar da katangu a sababbin filayen da aka yanka can gangaren kwari, amma ke kin fito sumul. Da hantsi ga ki an shanya kan tabarma, an danne ki da dutse kada iska ta yi gaba da ke, kusa da geron da ya jiƙe da allunan yara. Ɗakin da kika ce a gina ya koma laka, hatiminki kuwa ko dushewa bai yi ba. Barka da arziki.

Tambaya ɗaya ce ke tafe da ni. A jikinki akwai sunan mai saye da mai sayarwa, akwai tsawo da faɗi, akwai maƙwabcin gabas da na yamma, na kudu da na arewa, ga shaidu, ga sa hannun mai unguwa, har la'adar dillali ta san inda ake ajiye ta. Maƙwabci ɗaya kika tsallake, kuma shi ya riga kowa zama a wurin: ruwa. Ana jan igiyar awo ne da rani, lokacin da fadama ta bushe ta tsattsage, kududdufi ya koma wurin ƙwallon yara, kowane kwari yana kama da tudu a idon mai son gida. Ba wanda ke cinikin fili a watan Agusta. Kududdufin nan da kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, shi ke riƙe ruwan unguwa har ƙasa ta tsotse shi. A cike shi da shara, a yayyafa jar ƙasa, ki fito da hatiminki ki ce fili ne. Sai rufin kwano da daɓen siminti su ƙaru, ruwan da a da yake nutsewa ya koma gudu. Mai hali ya ɗaga fandisho, ya tura wa na ƙasa da shi. Katangar laka kuma daga gindi take sha, shi ya sa take zubewa cikin dare bayan ruwa ya ɗauke, mutane sun saki jiki sun kwanta.

Na san amsarki ta farko: ƙaddara ce, ruwa na Allah ne. Ba mai jayayya da wannan. Amma Gulbin Zamfara bai canja hanya jiya ba, kuma ba a ɓoye yake cika ba. Duk shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, NIHSA tana lissafa ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, rediyo ya karanta, kowa ya ji ban da ke. Ko babu su, akwai tsofaffi a Anka da Bukkuyum da za su kama hannun mutum su nuna masa iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa a jikin tsamiya. A Agustan 2024 ruwa ya shiga Gummi, rahotanni suka ce gidaje sama da 10,000 abin ya shafa. Gwamna Dauda Lawal ya je jaje, ya yi alkawarin ba mutane filaye nesa da hanyar ruwa. Madalla. To ashe akwai tudu! Ashe an san inda yake! Ina kike ba ki nuna shi ba tun kafin a aza tubalin farko? A Mayun 2025 kuma ambaliya ta sa Mokwa ta binne mutum fiye da 150, ba mu ji an ƙara miki ko layi ɗaya ba.

Amsarki ta biyu ta fi nauyi, ba zan raina ta ba. Za ki ce 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, jama'a sun kwararo Anka da Gummi, filin tudu ya yi tsada, wanda ya baro rumbunsa da rigar wuyansa ba ya zaɓen unguwa. Gaskiya ne, kuma wannan gaskiyar ce ta fi kama ki da laifi. Mai kuɗi yana iya tambaya, yana iya jira, yana iya ɗaga gininsa. Ɗan gudun hijira ba shi da kowa sai ke. In ya ga hatimi, ya ɗauka wani mai ilimi ya duba. Arahar filin kwari bashi ce da damina ke zuwa karɓa, sau da yawa har da ɗan abin da aka tsira da shi daga ƙauye. In hukuma na iya yanka tudu bayan gida ya faɗi, tana iya yanka shi a farashin talaka kafin ya faɗi, kuma zai zo mata da sauƙi fiye da tirelolin katifa da shinkafar da ake rabawa gaban kyamara.

Kada kuma ki fake da cewa tsara gari na 'yan Gusau ne, ƙauye sai awon igiya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili a wajen birane, dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta ce ba a gini sai da izini. Ikon yana nan. Abin da ake yi da shi dai karɓar kuɗin fom. Wa ya taɓa jin an ce wa mai neman fili a'a saboda ruwa? Wa ya taɓa jin an tuhumi wanda ya sa hannu? Ana zuwa da jan fenti a zana wa talaka alamar rushewa, wanda ya sayar da kududdufin yana gefe cikin 'yan jaje, ya fi kowa salati. Maganar kwalbatin da ba ya wuce akuya, da lambatun da ledar fiya-wata ta toshe, da hanyar da aka ɗaga ta fi ƙofar gida tsawo, na bar su sai wani jiƙon. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaranmu a 2010, mun gaji da a zo mana bayan an yi jana'iza.

Ga buƙata, ba ta da tsawo. A ƙara miki gurbi ɗaya da za a rubuta ta inda ruwa ke bi da iyakar da ya taɓa kaiwa, dagaci da dattawa biyu su shaida. A zagaya fadama da kududdufai cikin damina, a kafa musu duwatsun iyaka, a hana yanka su ko da wa ya zo. Wanda ya buga hatimi a cikin iyakar nan ya rubuta cikakken sunansa ƙasa, yadda in katanga ta faɗi za a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. In hakan ya yi miki nauyi, Hajiya, to ki riƙa fitowa da jarka biyu ɗaure a bayanki, mai saye ya samu abin yin iyo.

Wassalam,
Wani talakanki daga Tungar Guru