Toka a Goshi, Kifi a Tukunya

Larabar Toka kan faɗo ranar kasuwar Dutsin-Ma, don haka ba a sha wahalar gane wanda ya je coci da sassafe. Ga shi can wajen masu tumatir, goshi da baƙin tambarin gicciye, ya ƙi share gumi don kada ya goge. Tokar dai ta ganyen dabinon da aka riƙe bara ce, aka ƙona, Fada ya shafa masa don ya tuna cewa ƙasa ce makomarsa. Shi kuwa abin da ya fara tunawa shi ne wayarsa. Kafin ya bar harabar coci hoton ya isa Facebook.

A 2025 abin ya ƙara armashi, domin Ramadan ya kama ranar 1 ga Maris, azumin Kirista na kwana 40 ya biyo baya ranar 5. Sai aka shiga gwajin ƙwanji a motar haya daga Rawayau zuwa Dutsin-Ma. Wani Kirista ya ce, "Mu 40 muke yi, Malam, ku 30." Malam ya dube shi, ya dubi ledar fiya wata da ke hannunsa, ya ce, "Allah ya ba da lada."

Malam bai san lissafin ba ne. Daga Larabar Toka zuwa jajibirin Ista kwana 46 ne, sai an cire Lahadi shida ake samun 40. Tun da Fafaroma Paul na Shida ya sassauta dokar a 1966, azumin dole ga ɗan Katolika kwana biyu ne kacal, Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Yesu, shi ma a yanzu ga mai shekara 18 zuwa 59. Ana cin cikakken abinci sau ɗaya, a ɗan taɓa sau biyu. Sauran Juma'o'in, nama kawai ake bari. Cocin ya rage wa ciki aiki ne don a samu sararin gyara hali: addu'a, sadaka, yafiya. Jama'a suka karɓi sassaucin hannu bibbiyu, suka ce gyaran halin sai an duba.

A kan naman nan ake ganin gwanaye. Akwai magidancin da ya sanar wa iyalinsa, murya a ƙasa, cewa bana ya bar wa Ubangiji nama. Matarsa ta yi shiru, don ta san rabon tukunyarta da tsoka tun Kirsimeti. Akwai kuma mai hali, wanda tubansa ke bi ta dam ɗin Zobe. Kowace Juma'a zai aika a zaɓo masa tarwaɗa mai kitse, a yi farfesu da citta da kanumfari, kuɗinta ya ninka na tsiren da ya ƙaurace wa. Yana tanɗe yatsa yana cewa, "Lokacin tuba ne, Maman yara, sai haƙuri." Ɗan acaɓar da ya kawo kifin yana ƙofar gida yana jiran kuɗinsa na makon jiya.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Wata ta fito daga Hanyar Gicciye, ta durƙusa a tasha 14 har gwiwa ta yi tsami, idanu jawur. A bakin ƙofa ta ci karo da facalarta, wadda suke gaba tun rikicin kuɗin ankon Zumuntar Mata. Sai ta tuna takalminta na buƙatar gyara, ta sunkuya har waccan ta wuce. Kan hanyar gida kuwa, naman facalar aka ci, tunda shi doka ba ta ambace shi cikin na Juma'a ba.

A bar zolaya, masu yi da gaske suna nan, sai dai ba su da hoto. Tsohon da ya mayar da iyakar gonar da ya ci, ko malamar da ta biya wa marayan maƙwabta kuɗin makaranta, ba a jin labarinsu sai a wurin jana'iza.

Tun 2023 Katsina ta samu dayosis nata, an yanke ta daga Sakkwato, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi. Wanda a da yake fakewa da cewa wa'azin da Turanci aka yi, yanzu da Hausarsa ake gaya masa ya biya bashi. Mai tarwaɗa ya saurara da kyau, har da gyaɗa kai. Ya ce wa ɗan acaɓa ya dawo bayan Ista.