Toka Ce Ta Warkar da Kai, Ko Ba Haka Ba?

To, manoman Kona, na san abin da za ku ce. Lauje ya yanke mutum a gonar hatsi, ya barbaɗa toka, wani ma ya ɗiga man birki, bayan sati miki ya kame, sai a shiga kasuwar Tasawa ana yabon toka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Masu aikin na cikin jininku, kuma ko sannu ba ku taɓa ce musu ba. Jini na tsayawa, cikin sa'o'i kaɗan fararen ƙwayoyin da likitoci ke kira niyutrofil sun iso bakin mikin suna haɗiye ƙwayoyin cuta. Jan nan da kumburi da zafin da ke sa ku zargin sammu, hanyoyin jini ne suka buɗe don su wuce. Mugunya kuwa, yawancinta gawarwakinsu ne. Bayan kwana 2 zuwa 3 sai manyansu, makrofaj, su zo su share mushe da datti, sannan su ba da umarnin fito da sabon nama da sababbin hanyoyin jini. Idan suka kasa sauyawa daga faɗa zuwa gini, shi ne miki ke zama gyambo, kamar yadda ake gani ga masu ciwon suga da yaran da tamowa ta kama.

Ga wani can daga Mayahi yana cewa, "Malam, ka taɓa ganinsu da idonka?" Kai ka taɓa ganin aljanin da kake tsoro a gindin tsamiya? Waɗannan dai an gan su. A 1882, a garin Mesina na Italiya, wani masani ɗan Rasha, Eli Mecnikof, ya soka ƙaya a jikin tsutsar wata halittar teku, washegari ya leƙa madubin likita ya tarar ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi. A 1908 aka ba shi kyautar Nobel.

Ku dai bar ƙara wa ƙwayoyin nan na jininku aiki. Toka da ƙasa da kashin shanu datti ne, kuma a ƙasa da kashin dabba ƙwayar tetanos ke zama. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙayar aduwa ta nutse a ƙafa ko ƙarfe mai tsatsa ya soke ku, ku tafi asibiti a yi muku allurar tetanos. Man birki kuma, don Allah a mayar wa mai babur kayansa.